Na rage wa katin hoto wuta, yanzu allo ya ƙi nuna komai

Dan_Autan_Gem:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin kwamfuta a agaza min, tun jiya da daddare hankalina ba a kwance yake ba. Da waya ma nake rubuto wannan.

Kwamfutar tebur ce: Ryzen 5 5600X, madabod (babban farantin da ake haɗa komai a jikinsa) B550, katin hoto RTX 3070, akwatin wuta mai wat 650, allo biyu, babban a DisplayPort, ƙaramin a HDMI. In ina wasa katin har digiri 80 yake kaiwa, fankokin kuma sai ka ce jirgi zai tashi. Sai na ga wani bidiyo ana koya yadda ake rage wa kati wuta ya yi sanyi. Na buɗe MSI Afterburner, manhajar saita wuta da gudun kati, na danna Ctrl da F, jadawalin wuta (mV) da gudu (MHz) ya fito, na ja layin gaba ɗaya sama har ɗigon 800 mV ya hau 1950 MHz, na miƙar da abin da ke bayansa. Na kunna FurMark, manhajar gwada kati da aiki mai nauyi, minti goma, lafiya lau. Na ajiye saitin, na danna maɓallin nan mai alamar Windows don ya riƙa hawa da kansa duk lokacin da na kunna.

Ina buɗe gem, ko minti ɗaya ba a yi ba allo biyun suka yi baƙi ƙirin, fankokin suka ɗau ihu. Na kashe na kunna. Yanzu da na sa kalmar sirri na shiga, bayan 'yan daƙiƙu allo ya ɗauke, ya rubuta babu sigina. Na gwada ya fi sau shida. Na ƙona katin ke nan?

Kifi_a_Ruwa:
Cire batirin CMOS, ɗan batirin da ke jikin madabod, ka bar shi minti biyar ka mayar. Komai zai koma yadda ya zo.

Sarkin_Fanka:
800 a kan 1950? Ƙanena ai ka cika son banza. Ka hana doki ciyawa kuma kana so ya ci sukuwa.

Injiniya_Shiru:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, kuma kada ka taɓa batirin nan tukuna.

Daga bayaninka, tambarin madabod yana fitowa, shafin shiga Windows ma yana fitowa, sai ka shiga sannan hoto ya ɗauke. In haka ne katinka lafiyarsa ƙalau. Abin da Afterburner yake yi ba ya zama a cikin kati. Umarni ne yake ba direba, wato manhajar da ke tafiyar da kati, a duk lokacin da ya tashi, kuma da an ɗauke wa kati wuta ya manta. In ka kunna kwamfuta, kati yana farawa ne da saitin da ke cikin nasa BIOS ɗin, wato 'yar manhajar da ke zaune a jikinsa, shi ya sa kake ganin tambari. Sai ka shiga Windows, Afterburner ya tashi ya ɗora masa saitin da ka ajiye, katin ya yi tuntuɓe. Kai ka ce masa ya riƙa yin haka, yana bin umarninka ne.

@Kifi_a_Ruwa, batirin CMOS saitin madabod yake riƙewa. Babu ruwansa da fayil ɗin da ke zaune a cikin Windows.

Kifi_a_Ruwa:
To ni dai na taɓa yi kuma ya yi min aiki.

Injiniya_Shiru:
Wataƙila kai a BIOS ka taɓa wutar furosesa ko gudun RAM. Wannan ciwo daban, magani daban.

Yar_Lissafi:
Kafin komai, in allon ya ɗauke ka danna Caps Lock ka ga ko fitilarsa tana kamawa tana mutuwa. In tana amsawa, Windows na nan da ransa, hoto ne kawai ya tafi. Sai ka danna Win, Ctrl, Shift da B tare. Za ka ji ɗan ƙara, direban hoto zai farfaɗo. Wani lokaci yana ba ka 'yan daƙiƙun da za ka rufe Afterburner. In fitilar ta ƙame, to kwamfutar ce gaba ɗaya ta sandare.

Dan_Autan_Gem:
Innalillahi. Malam Injiniya ban ga saƙonka da wuri ba, na riga na cire batirin. Yanzu abin ya fi da muni. Ko tambarin ma ba ya fitowa. Fankoki na juyawa, fitilun RAM na ci, amma allo shiru. A gefen madabod akwai ƙananan fitilu huɗu, ta CPU ta kama ta mutu, ta DRAM ma haka, sai ta tsaya a kan wadda aka rubuta VGA. Wallahi gabana faɗuwa yake yi.

Sarkin_Fanka:
Garin neman gira an rasa ido.

Gwanin_Waya:
Fitilar VGA in ta tsaya, madabod na cewa bai ga kati ba. Ni a ganina katin ya tafi. Ka yi haƙuri ɗan'uwa, amma wasa da wutar kati haka yake ƙarewa. Ni shi ya sa ba na taɓa waɗannan abubuwan, injiniyoyin da suka ƙera shi sun fi mu sanin abin da yake buƙata.

Kifi_a_Ruwa:
Zare katin ka sa wayar allo a HDMI na bayan madabod, ka shiga ta nan ka gyara.

Yar_Lissafi:
@Kifi_a_Ruwa 5600X ba shi da sashen hoto a cikinsa. Ramin HDMI ɗin madabod yana nan amma babu abin da zai fito ta ciki. 5600G ne mai shi. Haka ma na Intel masu harafin F a ƙarshe, ba su da shi. Don Allah a riƙa duba kayan da mutum ya lissafa kafin a ba shi shawara, yaron nan a ruɗe yake.

UmmuKod:
Dan Auta, tsaya in tambaye ka. Katin naka a kwance yake, cuse kai tsaye a cikin madabod, ko kuwa a tsaye yake fankokinsa na kallon gilashin akwati? In a tsaye yake, akwai wata faffaɗar waya kamar ɗamara, wadda ake kira raiza, da ta haɗa shi da madabod?

Dan_Autan_Gem:
A tsaye yake Anti. Akwai baƙar waya mai faɗi a ƙarƙashinsa. Wani abokina ne ya haɗa min kwamfutar, ya ce haka ya fi kyan gani.

UmmuKod:
Na yi zargin haka. Haska ta da tocilan ka karanta abin da ke jikinta, ko ka tambayi abokin naka. Ina kyautata zaton PCIe 3.0 ce. PCIe ita ce hanyar da kati ke magana da madabod.

Dan_Autan_Gem:
Na kira shi. Ya ce 3.0 ce, kuma wai da ya haɗa sai da ya canza wani abu a BIOS kafin ta nuna hoto. Ya manta bai gaya min ba.

UmmuKod:
To ga ɓarawonka nan. Ciwo biyu ne yanzu a kanka, kuma na biyun ba shi da alaƙa da rage wuta ko kaɗan.

Katinka na PCIe 4.0 ne. Furosesarka da madabod ɗinka ma suna iya 4.0 a babban rami. In saitin yana kan Auto, su biyun sai su gaisa su amince za su yi magana da gudun 4.0, ba su san akwai waya a tsakaninsu da ba a yi ta don wannan gudun ba. Gudun 4.0 ninki biyu ne na 3.0, sigina sai ta lalace a hanya. Abokinka ya kulle ramin a Gen3, wato gudun 3.0, shi ya sa kake zaune lafiya duk tsawon lokacin nan. Da ka cire batiri saitin ya koma Auto.

Abin da za ka yi: kashe akwatin wuta ta baya, zare filogi, danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci sauran wutar ta fita. Cire wayar raiza ɗin gaba ɗaya, ka cusa katin kai tsaye a ramin sama har ka ji maƙullin ya yi ƙas. Kada ka manta da wayoyin wutarsa. Sa allo ɗaya kawai. In ya nuna, shiga BIOS ka nemi gudun ramin PCIe ka mayar Gen3, ka ajiye. Daga nan in kana so ka mayar da raizar.

Ni ma abin ya taɓa cin ni bayan na sabunta BIOS. Kwana biyu ina zaman makokin katin da babu abin da ya same shi, har na sa shi a kwali zan mayar.

Gwanin_Waya:
Allah ya sa haka ne. Amma ni dai ina nan a kan bakana, da bai taɓa ba da duk wannan bai faru ba.

Baba_Pentium:
'Ya'yan zamani kun ji daɗi. Mu a lokacinmu da 'yan ƙananan jamfa, wato mahaɗan lantarki da ake cusawa da hannu, ake saita gudun furosesa a jikin madabod, ka kuskure ɗaya ka ji ƙauri. Babu fitilar da za ta gaya maka inda ciwo yake, sai dai ka kasa kunne ka ƙirga kukan ɗan lasifika. Dogo ɗaya gajeru biyu, ka san katin hoto ne. Har yau ina da ɗan lasifikar nan a aljihun tebur, kuma har yau yana min amfani.

Gwani, maganarka akwai gyara. Ƙara wuta shi ne mai haɗari, don yana ƙara zafi yana cin kayan a hankali. Rage wuta kuwa iyakarsa lissafi ya rikice, kati ya tsaya. Ban taɓa ganin katin da ƙarancin wuta ya ƙona ba. Haɗarin da na sani shi ne kashe kwamfuta da ƙarfi ana tsakiyar rubutu a faifai, wannan kan lalata fayiloli. Yaron nan ya ce ya yi sau shida, wannan ya fi damuna.

Gwanin_Waya:
Baba to me ya sa su masu ƙerawa ba su rage tun daga masana'anta ba, in dai babu illa?

Yar_Lissafi:
Saboda ba kati ɗaya suke sayarwa ba. Ƙwaƙwalwar kati ko daga faranti ɗaya aka yanko su ba sa fitowa daidai, wata tana iya gudu da wuta kaɗan, wata sai an cika mata. Dole su sa wutar da za ta ishi mafi rauni a cikinsu, a ɗaki mai zafi, bayan shekaru ana aiki. Wannan rarar ita mai rage wuta yake tsinta. Matsalar ita ce babu wanda ya san yawan rarar katinka sai an gwada, shi ya sa kwafo lambobin mai bidiyo ganganci ne. Katinsa daban naka daban, ko da suna ɗaya.

Dalilin da mutane suke wahalar da kansu kuwa lissafi ne. Wutar da kati yake ci wajen aiki tana tafiya ne da gudu sau boltej sau boltej. Ɗauki katin da ke aiki a 1050 mV ka sauke shi 900 a gudu ɗaya. 900 raba 1050 ya ba ka wajen 0.857, ka ninka shi da kansa ya zama wajen 0.73. Ke nan a takarda fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ya sauka daga abin da ƙwaƙwalwar take ci. A zahiri bai kai haka a kati gaba ɗaya ba, tunda ma'ajiyar kati da fankoki suna cin nasu, amma kunne ma yana jin bambancin.

Sarkin_Fanka:
Malama ta shigo da allo da alli. Ni abin da na sani kawai, 3070 ɗina na sauke shi 900 mV, ɗakina ya daina zama gidan burodi.

Dan_Autan_Gem:
Alhamdulillah! Anti UmmuKod Allah ya saka da alheri, Allah ya raya zuri'a. Na cusa shi kai tsaye, tambari ya fito. Sai da na cire ƙarfen da ke riƙe shi a tsaye, sukurori shida, ɗaya ma ya faɗa ƙarƙashin akwatin wuta na sha wahalar zaro shi. Na mayar Gen3. Yanzu na dawo ciwon farko: ina shiga Windows yana ɗaukewa. Na danna F8 har yatsana ya gaji, Safe Mode bai fito ba.

Tsohon_Hannu:
F8 ta zamanin Windows 7 ce, a 10 da 11 ba ta aiki sai in an kunna ta da gangan. Kunna kwamfutar, da ka ga ɗigogin nan sun fara juyawa ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Yi haka sau biyu ko uku, za ta kai ka shafin gyara da kanta.

Injiniya_Shiru:
Hanyar Tsohon Hannu tana aiki, amma ta wanda ba ya ganin komai ce. Kai kana ganin shafin shiga, to me zai sa ka ƙara kashe ta da ƙarfi bayan abin da Baba ya faɗa? Kada ka sa kalmar sirri. A ƙasa ta dama akwai alamar wuta. Danne Shift, ka zaɓi Restart kana riƙe da shi. Shuɗin shafi zai fito: Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4.

A Safe Mode Windows da direban hoto na gama-gari yake aiki, Afterburner kuma ba ya tashi. Je ka C:\Program Files (x86)\MSI Afterburner\Profiles. Za ka ga fayil mai dogon suna da ya fara da VEN_10DE, wannan lambar NVIDIA ce, na AMD da VEN_1002 yake farawa. A cikinsa jadawalin naka yake. Goge shi, ko ka fitar da shi ka ajiye a wani wuri. Sake kunnawa yadda ka saba.

Tunda ka goge CMOS kuma, in komai ya lafa ka koma BIOS ka kunna XMP ko DOCP, duk sunan da naka ya ba shi, in ba haka ba RAM ɗinka a ƙaramin gudu zai zauna. Resizable BAR ma, wani saitin BIOS da ya shafi katin hoto, ka duba. Amma ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa su rana guda ka rasa wanda ya kawo matsala.

Kifi_a_Ruwa:
Tunda yana Safe Mode ya wanke direban da DDU, manhajar goge direban hoto tas, kawai a wuce wurin.

Tsohon_Hannu:
Wannan karon na yarda da Kifi. Faɗuwa shida ba wasa ba ce.

Injiniya_Shiru:
Ni ban ga dalili ba tukuna. Direban bai yi laifi ba, abin da aka ba shi ne ya fi ƙarfinsa. DDU kayan aiki ne mai kyau, amma mun ga abin da "yi kawai a wuce wurin" ya jawo ɗazu. A canza abu ɗaya, a duba, sannan a matsa. In ya goge fayil ɗin matsala ta ci gaba, sai a zo kan DDU, kuma ya sauke sabon direba ya ajiye, ya cire intanet kafin ya fara, don kada Windows ya riga shi ɗora nasa.

Kifi_a_Ruwa:
Na ji, na karɓi laifina na batiri. Ai ban san da raiza ba. Shi ma mai kwamfutar bai sani ba.

Dan_Autan_Gem:
Ta tashi! Da kwamfutar nake rubutu yanzu. Ban yi DDU ba. Malam Kifi babu komai wallahi, ni na yi gaggawa.

Na leƙa Event Viewer, inda Windows ke rubuta tarihin kurakurai, kamar yadda wani ya ce min ta saƙon sirri. Akwai gargaɗi mai lamba 4101 da ke cewa nvlddmkm ya daina amsawa, sai kuma jajaye masu Kernel-Power 41 a jere. Su ne matsalar?

Yar_Lissafi:
Kernel-Power 41 ba ya gaya maka komai sai cewa kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Kai ne da yatsanka. Mutane da yawa suna ganin kalmar Power su ruga su sayi sabon akwatin wuta a banza.

4101 ɗin shi ne mai magana. Windows yana da mai gadi da ake kira TDR. In kati ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, sai ya sake tayar da direba. In ya yi nasara, allo ya ƙifta ya dawo, ya rubuta 4101. In ya kasa, ko ka ga shuɗin allo mai VIDEO_TDR_FAILURE, ko kuma baƙin nan da ka gani. nvlddmkm sunan direban NVIDIA ne kawai. Za ka ga masu cewa ka shiga rajista ka ƙara wa TDR lokaci. Kada ka yi. Kamar cire batirin ƙararrawa ne don ta dame ka da kuka.

Dan_Autan_Gem:
To abin da ban gane ba, me ya sa FurMark ya wuce lafiya minti goma, gem kuma ko minti ɗaya bai yi ba? Ai na ɗauka FurMark ya fi kowane gem nauyi.

Injiniya_Shiru:
Ka lura da gudun da katin yake yi lokacin gwajin?

Dan_Autan_Gem:
Kamar dai yana yawo wajen dubu ɗaya da ɗari biyar da wani abu. Zafin ma bai wani sauka ba, na ce ai FurMark ne.

Injiniya_Shiru:
To ka ga amsarka. FurMark yana zuƙar wuta sosai har kati ya bugi iyakarsa, na 3070 wat 220 ne a asali. Da ya bugi iyaka sai ya rage gudu da kansa. Wato duk minti goman nan katinka bai taka ɗigon 1950 ɗin ba balle a san ko zai iya tsayawa a kai. Fankokin sanyaya kati da akwatin wuta ka gwada, ba ka gwada saitinka ba. Gem kuwa ya bar shi ya hau can, ya faɗo.

Akwai abu na biyu. Ka ce layin gaba ɗaya ka ja sama. Ɗigon 800 a katinka nawa yake kafin ka taɓa?

Dan_Autan_Gem:
Na duba yanzu, 1680.

Injiniya_Shiru:
Ƙarin 270 ke nan, kuma ba a ɗigon 800 kaɗai ba, har duk na ƙasa da shi. Mutane suna cewa "na rage wuta" suna jin kamar sun sassauta wa kati, alhali a kowane ɗigo gudu suka ƙara masa fiye da abin da aka tsara wa wannan wutar. Shi ya sa kake faɗuwa ko gem ba ka buɗe ba. Ana shiga Windows burauza da sauran manhajoji suna tashi, kati ya ɗan yunƙura daga hutu zuwa sama, ya bi ta ɗigogin da ka ɗaga, ya zame.

Ka kuma san jadawalin NVIDIA yana motsi da zafi, taki-taki na 15 MHz. Abin da ka saita kati na da zafi, da safe yana sanyi kana iya ganinsa ya haura da taki ɗaya ko biyu. In a bakin rami ka tsaya, wannan takin ya isa ya tura ka. Bar wa kanka rata.

Sarkin_Fanka:
Ni yadda nake yi: in fara daga sama, 925, in yi kwana biyu ina wasannina na kullum. In lafiya in sauka 900. Ranar da ya faɗi in koma baya taki biyu in zauna. Gem mai bin sawun haske, wato ray tracing, ya fi tona asiri, saitin da ya yi mako lafiya a wasu gem ɗin minti biyar yake yi a can. Kuma maɓallin Windows ɗin nan ba na taɓa shi sai saiti ya yi mako bai ba ni kunya ba. Wannan shi ne kuskurenka na gaske ƙanena, ba 800 ɗin ba. Da ba ka danna shi ba, kashewa da kunnawa ɗaya ya wadatar.

Mai_Jan_Kati:
Mu 'yan AMD muna gefe muna kallo. A Adrenalin, manhajar katinmu, in saiti ya kayar da kwamfuta, tana tashi za ka ga saƙo cewa an mayar da komai asali saboda faɗuwar ba-zata. Da ina jin haushin abin, don ko wutar gida ce ta ɗauke sai in tarar ya share min saiti. Yau na ga ranarsa. Ina ajiye saitin a fayil, in ya share in ɗora.

Tsohon_Hannu:
Wanda ba ya son wannan wahalar duka, ya ja ma'aunin iyakar wuta ya sauke zuwa kashi 80 ya tafi harkarsa. Kati zai bi jadawalinsa na asali, ba zai taka inda ba a gwada shi ba. Za ka rasa ɗan gudu, amma babu baƙin allo.

Sarkin_Fanka:
Gudun sai ya riƙa hawa da sauka ai. Ni na fi son ya tsaya cak a wuri ɗaya.

Gwanin_Waya:
Ko kuma ya share ƙura ya gyara iskar akwatinsa. Kati a tsaye manne da gilashi ta ina zai sha iska? Ba mamaki digiri 80 ɗin ma daga nan ta samo asali. An bar jaki ana dukan taiki.

UmmuKod:
Wannan kam Gwani ya faɗi gaskiya. Dan Auta, tunda yanzu a kwance yake, gwada zafinsa a haka ba tare da wani saiti ba kafin ka mayar da raizar. Ka kuma leƙa wayoyin wutar katin. In ramuka biyu ne kuma waya ɗaya mai kai biyu aka sa, in akwatin wutarka na da wata, ba kowane rami tasa. Amma wadda ta zo da akwatin kaɗai. Wayar wani akwatin ko ta shiga daidai, jerin wutar cikinta na iya bambanta, kuma wannan kam yana ƙona kaya da gaske.

Dan_Autan_Gem:
Na dawo da rahoto bayan kwana huɗu. A kwance, babu saitin komai, digiri 73 yake tsayawa. Malam Gwani ka ci gari, raizar tana cikin kwali. Na bi hanyar Yaya Sarkin Fanka, yanzu ina 900 mV a 1890, digiri 65, fankokin da ƙyar nake jinsu. Na gwada 875 ya fitar da ni daga gem sau ɗaya, na koma. Maɓallin Windows ban taɓa shi ba, da hannu nake ɗorawa.

Saura abu ɗaya. Babban allon, na DisplayPort, wani lokaci yana yin baƙi kamar daƙiƙa biyu ya dawo, musamman in na fita daga gem na koma burauza, ko in kwamfutar ta farka daga barci. Ƙaramin ba ya yi. Na duba, babu 4101. Ban tuna ko yana yi kafin duk wannan ba.

Yar_Lissafi:
Babu 4101, allo ɗaya kaɗai: wannan ba faɗuwar direba ba ce. Sigina ce take yankewa tsakanin kati da allo suna sake gaisawa. Ni waya nake zargi, ko ka ja ta lokacin da kake ciro kati. Ko kuma G-Sync ne, mai daidaita gudun allo da na kati, yake kamawa yana saki in ka fita daga gem.

Injiniya_Shiru:
Zai iya zama haka, amma ban wanke saitin ba. Lokutan da ya ambata duka lokutan sauyin gudu ne. Ka yi kwana biyu ba ka ɗora saitin ba ka gani.

Gwanin_Waya:
Ku dai ce masa ya cire manhajar nan ya huta.

Baba_Pentium:
Musanya wayoyin tukuna yaro, ko ka canza rami a bayan katin, ai uku ne na DisplayPort a yawancinsu. Abin minti ɗaya.

Dan_Autan_Gem:
Na canza rami Baba. Tun safe bai ƙifta ba, amma jiya ma sai da yamma ya fara. Zan bar saitin a kashe har jibi kamar yadda Malam Injiniya ya ce.

Yar_Lissafi:
Ka canza rami kuma ka kashe saiti a rana ɗaya? To in ya daina, wanne za mu ce?

Dan_Autan_Gem:
Kash. Bari in mayar da wayar ramin farko.